Sunayen kamfanonin uraniyom na Arlit: wanne ne taƙaitawa, wanne ne ƙirƙira?

1. Gabatarwa

A ƙasar Arlit, tun daga garin kansa da Akokan har karkarar Gugaram, sunaye huɗu sun shiga bakin jama'a ta hanyar aikin haƙar uraniyom: SOMAÏR, COMINAK, AREVA da ORANO. Da yake takardun hukuma kan rubuta irin waɗannan sunaye da manyan baƙaƙe, akan ɗauka kowannensu dunƙulallen jerin kalmomin Faransanci ne. Biyun farko haka suke. Biyun ƙarshe kuwa asalinsu dabam ne.

2. Sunayen taƙaitawa

Sunan taƙaitawa shi ne wanda aka gina da gutsattsarin kalmomin wani dogon suna. Ga misalai:

(a) SOMAÏR: Société des Mines de l'Aïr, wato kamfanin ma'adinan Azbin. An kafa shi a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971.
(b) COMINAK: Compagnie Minière d'Akouta. An kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978, an rufe mahaƙar a ranar 31 ga Maris 2021.

A nan gaɓoɓi aka tsinto, ba baƙaƙen farko kaɗai ba, shi ya sa ake furta sunan kamar kalma guda. Da zarar irin wannan suna ya zauna a Hausa, sai mai magana ya daina jin gutsattsarin da ke cikinsa. Haka aka yi da NIGELEC a Nijar, da NEPA a Najeriya, wadda sunanta ya ci gaba da nufin wutar lantarki ko bayan rushe hukumar a 2005.

3. Sunayen ƙirƙira

AREVA ba ya warwaruwa zuwa wasu kalmomi. An raɗa shi a 2001, lokacin da aka haɗe COGEMA da Framatome da CEA-Industrie, an kuwa samo shi daga Arévalo, inda wani gidan ibadar Kirista yake a ƙasar Sifen. ORANO, wanda aka raɗa a watan Janairu na 2018, yana ishara ne ga Ouranos na tsoffin Girkawa. Daga wannan suna duniyar Uranus ta samo nata, daga gare ta kuma masanin Jamus Klaproth ya raɗa wa uraniyom suna a 1789. Ana samun irin haka a fannin kwamfuta: Django, kayan aikin tsara manhaja da ya fito a 2005, sunan makaɗin gita Django Reinhardt ne, babu harafin da ke wakiltar wata kalma.

4. Abin lura ga masu rubutu

Bambancin yana da nauyi ta fuska biyu. Ta fuskar tarihi, SOMAÏR da COMINAK suna ɗauke da sunayen wuraren Nijar, Azbin da Akuta, alhali Areva da Orano ba su ambaci ƙasar da ake haƙar ƙarfen ba. Ta fuskar rubutu, wajibi ne mai ƙamus ko mai littafin yaƙi da jahilci ya kawo cikakken sunan taƙaitawa da ma'anarsa a karon farko, ya kuma rubuta sunan ƙirƙira da babban baƙi ɗaya kamar sauran sunayen yanka. Wanda ya ƙaga wa Areva fassarar baƙi-baƙi ya shigar da kuskure cikin littafi, kuma abin da aka buga yana da wuyar gogewa.