Matsewar Bakin Bindiga da Watsuwar Harsashi

Maharbin da ya taɓa fita neman zabin daji ko fakara a gonakin Chinade bayan girbi ya san takaicin harbin banza. Wani lokaci tsuntsu ya tsere da rauni ya je ya mutu a wani wuri, wani lokaci kuma a ɗauko shi kaca-kaca, babu abin kaiwa tukunya. Akan ɗora laifin a kan saiti, alhali sau da yawa matsalar tana bakin bindigar.

Harsashin bindigar harbin tsuntsaye cike yake da ƙananan ƙwayoyin darma, waɗanda ke fara watsuwa da zarar sun fito. Domin rage watsuwar, maƙera kan ɗan matse cikin bututun dab da baki. W.W. Greener, wani maƙerin bindiga a Birmingham ta Ingila, ya yi suna wajen inganta wannan dabara a wajajen 1874.

Ido ba ya ganin matsewar, sai an auna. Za a auna faɗin cikin bututu, a auna na baki, sannan a ɗebe. A bindiga mai lamba 12, faɗin cikin kimanin milimita 18.5 ne. Idan bambancin ya kusa milimita 1, cikakkiyar matsewa ke nan. Rabin milimita, matsakaiciya. In babu bambanci, bakin a sake yake. Auna baki kaɗai kan yaudari mutum, domin bututu kan ɗan bambanta da juna.

A ganina dai takarda ta fi ma'auni faɗin gaskiya. A kafa babbar takarda a nisan yadi 40, inda babu mutum ko dabba a bayanta, a harba. Sai a zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda hujin ya fi yawa, a ƙirga. Cikakkiyar matsewa kan zuba kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin a da'irar, matsakaiciya 60, sakakken baki kuwa 40. A maimaita sau da dama, kuma da irin harsashin da ake farauta da shi, don sauya harsashi na sauya sakamako.

Fakarar da ke tashi kusa da ƙafar mutum, sakakken baki ya dace da ita. Zabo kuwa ba ya bari a matso shi, sai matsattse. Shi ya sa a bindiga mai baki biyu akan matse ɗaya fiye da ɗaya. Adaka, wadda ake ɗurawa ta baki, galibi bututunta bai da matsewa, don haka mai ita sai ya yi rarrafe ya matso sosai kafin ya ja kunama.