Daga Wakilin Doka Zuwa Jakada

Idan ka zauna da dattawa a Gombe, ko a Hammadu Kafi ko a wata unguwa, za ka ji wani lokaci suna cewa "ɗan doka", ba "ɗan sanda" ba. Kada ka ɗauka kalmomin biyu ɗaya ne. A da, ɗan sanda ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Ɗan doka kuwa na En'e ne, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Sarki ne ubangidansa, baitulmalin En'e ne ke biyansa albashi, kuma ikonsa bai wuce iyakar masarauta ba. Shugaban 'yan doka shi ake kira Wakilin Doka, kuma sau da yawa ɗan sarki ake bai wa wannan muƙami. Usman Nagogo ya riƙe shi a Katsina kafin ya zama sarki a 1944.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Ado Bayero. An haife shi a Kano a 1930, ɗa ne ga Sarki Abdullahi Bayero. Ya yi karatu a Makarantar Midil ta Kano, ya taɓa aikin akawu a banki, sannan ya koma En'e. A 1954 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna. A 1957 aka naɗa shi Wakilin Doka, yana ɗan shekara 27.

Muƙamin ba mai sauƙi ba ne. Zamanin siyasa ne mai zafi tsakanin jam'iyyar NPC, wadda sarakuna ke goyon baya, da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ta ce talaka take karewa. 'Yan NEPU sun sha kuka da 'yan doka, suna cewa ana kama su a tsare don kawai sun saɓa wa masu mulki. Ga shi kuma sarkin lokacin, Muhammadu Sanusi, wan Ado Bayero ne. To, wa zai bi, yayansa ko gaskiya? Masu rubuta tarihinsa sun ce ya yi ƙoƙarin rage irin wannan kamu. A ganina, wannan ya fi duk sauran ayyukansa na lokacin wuya, domin wanda ke naɗa mutum shi ke iya tuɓe shi.

Bayan shekara biyar, a 1962, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tura shi Dakar a matsayin jakadan Nijeriya a Senegal. Da haka ya tashi daga hidimar masarauta ɗaya zuwa wakilcin ƙasa baki ɗaya. Bai daɗe a can ba. A 1963 Sarki Sanusi ya sauka, Muhammadu Inuwa da ya gaje shi ya rasu bayan 'yan watanni, sai aka kira jakada gida aka naɗa shi Sarkin Kano a watan Oktoba. Ya yi fiye da shekara 50 a kan gado, har rasuwarsa ranar 6 ga Yuni, 2014.

Rundunar da ya shugabanta ba ta yi tsawon rai haka ba. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta raba sarakuna da 'yan doka, aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Nijeriya. Dogarai kaɗai aka bar wa fada, da manyan rigunansu masu ja da kore.