Hutu A Tafkunan Unianga Na Chadi: Shirin Da Ake Yi Kafin A Ɗaura Kaya

Duk ɗan kasuwar da ya saba tsallaka gadar Ngeli daga Kusuri zuwa Injamena, ko yake sauke kaya a Gamboru, da wuya a ce bai taɓa jin direbobin manyan motocin da ke bin hanyar Libiya suna labarin wani wuri can a arewacin Chadi ba, inda suke cewa mutum zai kwana biyu yana keta rairayi bai ga ko tsiro ba, sai kawai ya hango ruwa shuɗi kwance, dabino ya kewaye shi. Da yawanmu mun ɗauki zancen a matsayin hirar direba. To, wurin yana nan, sunansa Unianga, kuma da yake gani ya kori ji, mu ma mun ɗaura niyya mun je.

Abin da muka koyo a wannan tafiya shi ne, abubuwa ukun da ke kai mutum hutu bakin ruwa, wato shiga jirgi da iyo da cin abinci mai daɗi, kowanne yana da ƙa'idarsa a cikin hamada, kuma wanda bai san ƙa'idar ba tun daga gida, hutun na iya komawa wahala, wani lokaci ma a rasa rai.

Wane irin wuri ne?

Tafkunan Unianga guda 18 ne, suna cikin yankin Ennedi, an kasa su gida biyu da tazarar kimanin kilomita 40 a tsakani. Kashi na farko shi ne Unianga Kebir, wato babba, mai tafkuna 4, inda garin yake. Na biyu kuma Unianga Serir, wato ƙarama, mai tafkuna 14. A shekarar 2012 hukumar UNESCO ta sanya su cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma su ne wuri na farko a ƙasar Chadi da ya sami wannan matsayi.

Abin mamakin shi ne, ruwan saman da ke sauka a nan bai kai milimita 2 ba a shekara, alhali zafin rana da iska suna shanye ruwa mai zurfin kusan mita 6 daga saman babban tafkin, wato Yowan, duk shekara, amma bai ƙafe ba. Dalili kuwa, daga ƙarƙashin ƙasa ruwan yake ɓuɓɓugowa. Ruwa ne da ya taru tun dubban shekarun da suka wuce, lokacin da Sahara take da damina da ciyawa da namun daji, kuma wannan taska ta ƙarƙashin ƙasa ta ratsa Chadi da Libiya da Masar da Sudan. Wani masanin ƙasar Jamus mai suna Stefan Kröpelin na Jami'ar Kolon da abokan aikinsa sun haƙo laka daga gindin tafkin Yowan, kuma sakamakon da suka buga a shekarar 2008 ya nuna cewa sannu a hankali Sahara ta bushe cikin shekaru 6,000 da suka gabata, ba dare ɗaya ba.

Akwai kuma wata alaƙa tsakaninmu da wannan yanki da ba kowa ya sani ba. Yawancin ƙurar hazon da ke rufe Maiduguri da Kano da Damagaram a lokacin hunturu daga kwarin Bodele take tasowa, kusa da Faya. Iskar arewa maso gabas da ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ita ce ke ɗebo ta, kuma ita ce ke tura tudun rairayi cikin tafkunan Unianga tana raba su.

Hanya da takardu

Daga Injamena zuwa Unianga ya haura kilomita 1,000, kuma hanya biyu ake bi. Ɗaya ta Musoro zuwa Faya, daga nan a ƙara kilomita 200 da 'yan kai. Ɗayar kuma ta Abeshe, a bi ta Biltin da kasuwar Kalait zuwa Fada, sannan a nausa arewa. Ta Abeshe ta fi tsawo, amma akwai kwalta har cikin garin Abeshe. Ko wacce aka bi, kwana uku zuwa huɗu ne a tafiya, saboda haka wanda ba zai iya barin shagonsa na mako biyu ba gara ya haƙura har ya sami sarari.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da rana akwai sauƙin zafi, da dare kuwa sanyi ne mai shiga ƙashi, dole sai da bargo mai kauri. Daga Afrilu zafi yakan wuce maki 40, kuma babu inuwar fakewa idan mota ta lalace.

Ya kamata 'yan'uwa su tuna cewa Chadi ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka takardar da ke shigar da mutum Kwatano ba ita ce za ta yi masa aiki a nan ba. A tafi da fasfo da katin allurar rigakafin shawara, a yi rajista wurin 'yan sanda da zarar an shiga Injamena, sannan a nemi takardar izinin zirga-zirga zuwa arewa, a yi mata kwafi da yawa, domin a kowane shinge sai an tambaya. Haka kuma sefar Chadi irin ta Kamaru ce, ba irin ta Nijar ba. Darajarsu ɗaya, amma takardun kuɗin daban ne, sai a canza tun daga Kusuri ko Injamena, a riƙe ƙananan takardu.

Batun tsaro kuwa ba abin wasa ba ne. Yaƙin Chadi da Libiya da ya ƙare a shekarar 1987 ya bar nakiyoyi binne a arewacin ƙasar, musamman kewayen Wadi Dum, inda har yanzu ake ganin ragowar tankokin yaƙi a cikin rairayi. Kada kowa ya sauka daga sawun mota don ɗaukar hoto. A watan Afrilu na 2021 daga Libiya 'yan tawaye suka shigo, a faɗan da ya yi sanadin rasuwar Shugaba Idris Debi, kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya kwararo dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira zuwa gabashin ƙasar. Saboda haka a tambayi halin da hanya take ciki a makon da za a tashi, kada a dogara da labarin bara. Mota biyu ake tafiya da su aƙalla, irin Land Cruiser, da wayar Thuraya, da ɗan jagora ɗan yankin mai jin Larabcin Chadi da harshen Tubawa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Shiga jirgi

Mun tashi da burin za mu hau kwale-kwale mu kewaya tafkin Yowan da yamma. Da muka isa muka tambaya, jagoranmu dariya ya yi. Ya ce ruwan gishiri ne, ba kifi a ciki, to wa zai ajiye jirgi a inda ba a su? Gaskiyarsa kuwa, ban da gansakuka da wasu ƙananan halittu ba abin da ke rayuwa a wannan tafki mai faɗin hekta 358 da zurfin mita 27. Daga kan tudun da ke bayan gari ake kallonsa, ko a bi gaɓarsa da ƙafa cikin inuwar dabino, kuma wanda ya ga yadda launin ruwan ke sauyawa daga shuɗi zuwa kore a nan, ya ga mai ja-ja a wani tafkin da ke kusa, ba zai ce ya yi asarar tafiya ba.

Shawararmu ga mai sha'awar jirgi ita ce ya biya buƙatarsa a kogin Shari tun yana Injamena, inda kogin ke haɗuwa da Logon, kuma masunta ke ɗaukar mutane. A nan ma akwai sharuɗɗa. A yi ciniki a gama tun ana gaɓa, a ƙidaya mutane kada a cika jirgi, a nemi rigar kariya daga nutsewa musamman ga yara, a dawo kafin magariba. Akwai dorina a kogin, kuma idan mai jirgi ya ce ba za a bi ta wani wuri ba, kada a matsa masa. Sannan a riƙe takardu a jiki, domin tsakiyar ruwan nan iyaka ce tsakanin Chadi da Kamaru.

Iyo

A nan ne muka yi kuskuren da ya sa muke jan kunnen masu karatu. Ɗaya daga cikinmu, bayan kwana huɗu cikin ƙura, yana ganin ruwan Yowan sai ya tuɓe riga ya faɗa, ya manta da kaushin da ya tsage masa ƙafa. Ko minti biyu bai yi ba ya fito yana ihu, idanu jawur, ƙafa tana raɗaɗi, jiki ya bushe fari fat da gishiri. Jarka guda ta ruwan shanmu muka ƙarar wajen ɗauraye shi, kuma direba bai yafe mana wannan jarkar ba har muka dawo.

Wurin iyo yana Unianga Serir. A can, babban tafkin da ke tsakiya, wato Teli, mai faɗin hekta 436 da zurfin da bai kai mita 10 ba, shi ma na gishiri ne. Amma da yake shi ne a ƙasa kuma rana ta fi shanye ruwansa, sai yake janyo ruwan tafkunan da ke kewaye da shi ta ƙarƙashin rairayi, su kuma sabon ruwa yana maye musu daga ƙasa, gishiri bai samun damar taruwa. Bugu da ƙari, ciyawar ruwa irin kachalla ta rufe kusan rabin samansu, tana kare su daga rana. Shi ya sa tafki irin Buku yake da ruwan daɗi garau, har da ƙananan kifaye, kuma a nan matafiya ke wanka.

Duk da haka a kiyaye. Gaɓar rairayi takan zurma ba zato, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, kuma kada a kusanci tabarmar ciyawar nan, domin a kan ruwa take yawo, ba ƙasa a ƙarƙashinta. Kada mutum ya shiga shi kaɗai, kada a bar yaro ba babba. Asibiti yana da nisa ƙwarai. A shiga da sutura ta mutunci, a nisanci inda mata ke ɗiban ruwa, a kuma nemi izinin mutanen wurin. A kogin Shari kuwa ba mu ba kowa shawarar wanka ba, saboda tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa.

Abinci

Kada kowa ya sa rai da gidan abinci mai tebur da kujeru a bakin tafki. A garin Unianga Kebir, da yake zangon motocin Kufra ne, ana samun shayi da burodi da taliya da kifin gwangwani da sauran kayan Libiya, wani lokaci da naman raƙumi ko na akuya. Sauran kuwa guzurin mutum ne. Mu mun ɗauki garin gero da shinkafa da mai da albasa da kuɓewa busasshiya da busasshen naman da mutanen Chadi ke kira sharmut, kuma mai dafa mana yakan tuƙa aish, wato tuwonsu, da dare. Kilishi da dakuwa da garin ƙuli-ƙulin da muka taho da su daga gida sun yi mana rana fiye da komai. A ɗauki tukunyar gas, kada a sari itacen wurin. Ruwan sha kuwa, a lissafa aƙalla lita 5 ga kowane mutum a rana, ban da na girki, sannan a ƙara na kwana biyu saboda tsautsayi.

Dabino shi ne arzikin yankin, daga Faya har Unianga, kuma ɗan kasuwa zai so ya ɗanɗana shi a gindin uwarsa ya kwatanta da wanda ke iso mu a buhu. Haka kuma a kudu maso gabas da tafkunan akwai ƙauyen Demi, inda ake haƙar jan gishiri da ayarin raƙuma ke ɗauka. Sai dai kowace bishiyar dabino tana da mai ita, a saya, kada a tsinka. Mai kwaɗayin kifi kuma ya jira dawowarsa Injamena, inda zai sami gasasshen giwan ruwa da zoɓo mai sanyi, wanda su ke kira karkanji.

Amanar ruwa

Daga ƙarshe, muna tunatar da masu niyyar zuwa cewa ruwan Unianga ba damina ke cika shi ba, ajiyar dubban shekaru ce, kuma shi ne rayuwar mutanen da ke zaune a wurin da gonakinsu da dabbobinsu. Rairayi yana cin tafkunan ta gefe guda, leda da gwangwani da baƙin man mota suna ɓata su ta ɗaya gefen. Kada a shiga ruwan daɗi da sabulu ko omo, a ɗebo a guga a koma nesa a yi wanka da wanki. Kada a wanke mota a gaɓa, kuma duk sharar da aka yi a ƙulle ta a buhu a komo da ita.

Wanda ya tanadi mako biyu, da abokan tafiya na kirki, da takardu cikakku, da jagora amintacce, zai ga abin da zai daɗe yana ba 'ya'yansa labari. Wanda kuwa bai haɗa waɗannan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya jira wata shekarar. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma ba da kasuwa mai albarka.