Matashin Ƙotar Bindiga

Mafarautan Gwandu da Kalgo sun san wannan matsala. Hannu ya yi rawa, harbi ya kauce, albarushi ya tafi a banza. Wani lokaci ma harbin ya sami akuyar maƙwabci.

Maganin abin shi ne a ɗora gaban bindiga a kan gungume, a sa ƙaramar jakar yashi ƙarƙashin ƙota. To, amma bindigar maƙera kowace da faɗin ƙotarta. In mai faɗi ce, kada a cika jaka tam. A rage yashi, a danna tsakiya har ƙota ta zauna daram. In an matsa jaka, bakin bindiga ya sauka. In an saki, ya ɗaga.

A gwada wannan kafin a ɗura bindiga. Dokar 1959 kuma ta hana riƙe ta ba lasin.