Kwamfuta a Kazaure, Gero a Roni

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, a 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka buɗe makarantar kwamfuta a Kazaure, wai ilmin na'ura ya zama jarin Jigawa. To, mu masu hatsi a Roni, rabonmu wayar salula ce, ita ma a shekarar ta shigo ƙasar nan. Yau manomin Gwiwa ba ya sallama buhun gero sai ya ji kuɗinsa a Dawanau. Dillali mai cin ɓoyon farashi kuwa, kasuwarsa ta mutu. Amma a 2023, da takardar naira ta yi wuya, taransifa ta dinga maƙalewa, ga hatsi jibge, ba ciniki. Masu tsare-tsare a Dutse, a kawo mana sabis da lantarki bakin rumfa tukuna.