Masu ɗaga waya idan an ci zarafin mace

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Najeriya a shekarar 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wata azaba ta jiki, kashi 9 kuma an taɓa tilasta musu lalata. Kashi 55 na waɗanda abin ya faɗa wa ba su taɓa neman taimako ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai laifin sau da yawa miji ne, ko kawu, ko maƙwabcin da ake gaisawa da shi kullum, gida kuma ya fi damuwa da rufin asiri a kan jinyar wadda aka cuta.

Amfanin layin agaji ke nan. A waya ba a ganin fuska, ba sai mace ta nemi izinin fita ba, ba kuma wanda zai gan ta a bakin ofishin 'yan sanda. A Amurka aka fara irin wannan aiki a farkon shekarun 1970, kuma mata 'yan sa-kai ne suka riƙe shi. A Najeriya an buɗe Cibiyar Mirabel a Ikeja a 2013, ita ce ta farko mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. A Arewa akwai cibiyoyin Salama a Kaduna, da Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da Nana Khadija a Sakkwato. Aikinsu kyauta ne, amma cibiya ba ta da amfani ga wadda ba ta san da ita ba, kuma mai ɗaga waya ce ke nuna hanyar.

Abu na farko da ake koya wa 'yar sa-kai shi ne ta tambaya: "Kina inda za ki iya magana?" In mijin yana kusa, sai a koma tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a. Bayan haka sai saurare, wanda ya fi komai wuya, domin bakinmu ya saba da wasu kalmomi. Yarinya ta ce an yi mata fyaɗe, mu ce "me ya kai ki ɗakinsa?" Matar aure ta ce ya fasa mata baki, mu ce "ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne." Haƙuri hali ne mai kyau, amma wadda ta kira ta riga ta ji wannan daga uwarta da gwaggonta, kuma da ya yi magani da ba ta kira ba. Abin da ba ta taɓa ji ba shi ne "na yarda da ke, ba laifinki ba ne."

Haka kuma ba a ce mata "tattara kayanki ki bar shi." Masu nazarin rikicin gida sun daɗe da lura cewa lokacin da mace ke ƙoƙarin rabuwa da mai dukanta yana cikin lokutan da aka fi kashe mata. Ga 'ya'ya, ga rashin abin hannu, ga gidan iyaye da za a iya mayar da ita washegari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka tare ake tsara kariya: ta ajiye kuɗin mota da katin shaida a wurin wadda ta amince da ita, su yi wata alama da maƙwabciya, ta guji madafa in faɗa ya tashi saboda wuƙa da ruwan zafi, ta goge lambar bayan kira. Akwai tambayar da ba a tsallakewa, wato ko ya taɓa shaƙe ta. Namijin da ya kai hannu wuya ya kusa kisa, ko da bai bar tabo ba.

A kan fyaɗe, lokaci ne abin gudu. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa kwana 5, kuma gara a sha da wuri. Kwanakin nan su ne muke ɓatawa a taron dangi da zaman sulhu a zauren mai unguwa, har a wayi gari an shirya da mai laifi, yarinya kuma ba ta ga likita ba. 'Yar sa-kai za ta ce a fara zuwa asibiti, in da hali kafin wanka, a tafi da tufafin da ke jikinta saboda shaida. In ta riga ta yi wanka ma a je. Zuwa kotu shawara ce ta daga baya.

Sirrin mai kira amana ne, sai dai yana da iyaka idan ƙaramin yaro ne ko rai na cikin haɗari, kuma ana faɗin haka tun farko. Maza ma suna kira. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta amince cewa ana yi wa namiji fyaɗe, almajiran da ke kwana a waje kuwa kowa ya san halin da suke ciki.

Aikin yana cin rai. Waya kan katse a tsakiyar kuka, mai saurare kuma ba za ta taɓa sanin ƙarshen labarin ba. Wasu barci kan gagare su. Ƙungiyar da ta bai wa 'yar sa-kai waya ba tare da horo ba, ba kuma babbar da za ta zauna da ita bayan kira mai nauyi, ta cuci mutum biyu.

Babban giɓinmu harshe ne. Matar ƙauyen Jigawa da ta ari wayar ƙanenta na minti biyar ba za ta bayyana abin da aka yi mata da Turanci ba. Malaman jinya, ungozoma, malaman Islamiyya da ɗaliban jami'a masu jin Hausa, Fulatanci ko Barbarci, ku je cibiyar da ke kusa da ku ku nemi horo. Gwamnatocin jihohi kuma su samar da layi na kyauta mai aiki dare da rana, su biya kuɗinsa kowace shekara.