Karkade da hilu-mur: Jan abin shan Hausawan Sudan da darasinsa ga 'yan kasuwar zoɓo

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa auna buhun zoɓo a Maigatari ko a Dawanau ya san cewa abin da a da ake barin wa mata su sayar a ƙofar gida, yau ya zama hajar da manyan motoci ke ɗauka zuwa tashar jiragen ruwa. Sai dai ba kowa ya san cewa babbar abokiyar gogayyarmu a wannan haja ita ce ƙasar Sudan ba, inda ake kiran zoɓo da suna karkade, kuma inda 'yan uwanmu Hausawa suka haura shekara 100 suna zaune a ƙauyukan Jazira da bakin kogin Bulu Nil.

Asalin zaman nasu sananne ne. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar a wajajen 1906. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa yada zango suna ƙwadago don neman guzuri, da yawansu kuma nan suka zauna. Su suka kai wa Sudan tsire, wanda har yau can ake kira agashe.

A Faransa, masu giya kan haɗa inabi iri biyu ko uku kafin su samu jar giyar da suke alfahari da ita. A Sudan kuwa, inda Shugaba Numairi ya haramta barasa a watan Satumban 1983 har aka tuttular da ita a kogin Nil, gwanintar haɗi ta tafi ne ga abin sha na halal, kuma jajayen da suka fi suna guda biyu ne, wato karkade da hilu-mur.

Karkade dai ba a gonakin ban-ruwa na Jazira ya fi yi ba. Gidansa shi ne jigawar Kordofan ta Arewa, musamman kewayen garuruwan Rahad da Ummu Ruwaba da El-Obeid, sai kuma wasu sassa na Darfur. Ana shuka shi da faɗuwar damina, a girbe shi daga Nuwamba zuwa gaba, galibi mata ne ke ɓare shi da hannu su shanya. Irin Rahad ya yi suna saboda jansa mai duhu da kaurin ɓawonsa. Kamar yadda matanmu ke yin daddawar batso da gurguzu, haka matan Darfur ke sarrafa 'ya'yansa su yi abin da suke kira furundu. Mutanen Sudan kan jiƙa shi cikin ruwan sanyi na wasu sa'o'i su tace su sa sukari, lokacin sanyi kuma su dafa shi su sha da zafi kamar shayi.

Shi kuwa hilu-mur, wanda ma'anarsa da Larabci ita ce zaƙi da ɗaci, shi ne sarkin haɗi. Tushensa dawa ce, musamman irin da ake kira fatarita, wadda ake nomawa a Jazira da Sennar da Gadarif. Ana jiƙa wani kaso na dawar a rufe shi har ya tsira, a shanya, a niƙa. Wannan tsiro shi ke kawo zaƙi da jan launi. Sauran garin kuma a dama shi a kan wuta, a haɗa da garin tsiron, sannan a zuba kayan ƙamshi irin su citta da kirfa da hulba da habbatus sauda, wasu su ƙara tsamiya da karkade. Sai a bar ƙullun ya kwana har ya yi tsami. Daga nan mata su taru su riƙa shimfiɗa shi siriri a kan faifan ƙarfe mai zafi, ya gasu, a naɗe shi kamar takarda a ajiye. Aikin na watan Sha'aban ne, kuma gayya ake yi, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan. Kowace uwargida da ma'aunin kayan ƙamshinta, shi ya sa na wani gida ba ya zama ɗaya da na wani.

Idan azumi ya kama, sai a jiƙa ɓallin hilu-mur a ruwa, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Ana fara buɗa baki da dabino da dafaffen wake da suke kira balila, sannan a kawo asida, wato tuwon dawa, da miyar tagaliya ta busasshen nama da busasshiyar kuɓewa da albasa. Tsamin abin shan shi ke yanke maiƙon miyar, haka nan karkade mai sanyi ke kashe yajin agashe. Magidanta kan fito da kwanukansu waje a kan tabarma, kuma ƙauyukan da ke kan hanyar Khartum zuwa Wad Madani sun shahara da tare motocin matafiya gab da magariba, dole sai an sauka an sha ruwa.

To, ina ruwan ɗan kasuwar Jibiya ko Illela da wannan labari? Ruwansa kuwa babba ne. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya bi ta kan yankunan nan. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sojojin gwamnati ba su ƙwato shi ba sai a Janairun 2025. El-Obeid, inda babbar kasuwar amfanin gona ta yammacin ƙasar take, ta daɗe a kewaye, kuma hanyar kai kaya Fot Sudan ta sha katsewa. Manoma da yawa sun bar gonakinsu. Su kuwa kamfanonin Jamus masu haɗa shayin 'ya'yan itace, da 'yan Meziko masu shan zoɓo da sunan jamaika, buƙatarsu ba ta tsaya ba. Idan hajar wani wuri ta yi wuyar samu, ido kan koma wani wurin, kuma Jigawa da Katsina da Damagaram da Maraɗi suna cikin wuraren da ake dubawa.

Sai dai fa kasuwar waje ba ta san sani ba. Abin da ya ɗaga sunan karkaden Sudan shi ne launi da tsabta da bushewa. Mai saye yana duba ko ɓawon ya fito cikakke ko ya farfashe, ko akwai yashi da kara da gurguzu a ciki, ko kuma an yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi. Zoɓon da aka ɗura a buhu da ɗanshi yakan yi fumfuna kafin ya isa Legas, wanda aka shanya a ƙasa kuma yakan kwashi ƙura da kashin dabbobi. Meziko ta taɓa dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, kuma waɗanda suka tara haja a lokacin sun ji jiki. Don haka a shanya a kan tabarma ko leda mai tsabta, a ware baƙi daban ja daban, a ɗora buhuna a kan katako, kada kuma a zuba maganin ƙwari barkatai. Kifi ɗaya ne kan ɓata kwando.

Wani abin lura kuma shi ne, asarar wani ba abin murna ba ce, balle waɗanda abin ya shafa har da danginmu na Mai Wurno da sauran ƙauyuka. Ran da zaman lafiya ya dawo, karkaden Rahad zai dawo kasuwa da ƙarfinsa, kuma wanda ya gyara hajarsa tun yanzu shi ne zai riƙe masu sayensa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya kuma sa albarka a kasuwancinmu.